Hedifon mai kashe hayaniya: wata bakwai ina aiki da shi, kuma ba zan sake sa shi a gida ba

Tun ranar da abin ya faru nake son rubuta wannan, amma na bari sai da zuciyata ta huce, don kada in zalunci kayan da a gaskiya ya yi mini rana. Hedifon ne irin babban nan mai rufe kunne ruf, marar waya, wanda ake tallarsa da cewa yana kashe hayaniya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Masu bin irin waɗannan kaya sun san ajinsa, sun kuma san sai mutum ya yi shiri kafin ya saye shi.

A sashen kula da ma'aikata nake aiki. A 2020, lokacin korona, aka tura mu gida gaba ɗaya, daga baya aka tsayar mana da kwana uku a gida, biyu a ofis. Ina cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a bar tsarin haka. Har hujja na riƙa kafawa da binciken Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford, wanda aka yi a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, inda ma'aikatan amsa waya da aka bari a gida tsawon wata tara suka zarce na ofis da kashi 13 cikin ɗari. Wani ɓangare na wannan ƙarin, masu binciken sun danganta shi da shirun da ake samu a gida. To ni gidana babu shiru. Ina da 'yar shekara uku, ga injin wanki, ga fanka, ga tagar ɗakin da nake aiki tana kallon titi. Shirun nan shi na je nema da kuɗina.

Kuma na same shi, wallahi na same shi. Ranar farko da na ɗora shi na danna maɓallin, ƙugin fanka ya ɗauke ɗif, alhali ga ta nan ina kallonta tana juyawa. Motocin titi suka koma can nesa. Sai a lokacin na gane irin gajiyar da kunnena ke kwasa tun safe ban sani ba. Rahoton da kan cinye mini kwana biyu, ranar kafin yamma na kammala shi. Na yi ta yabonsa a wurin aiki har mutum biyu suka saya a kan maganata, kuma su ne rabin dalilin da ya sa nake ganin wajibi ne in faɗi sauran labarin.

Ranar wata Talata ce, muna taron ƙarshen zango ta Zoom, mu goma sha ɗaya. Ni ce mai gabatar da rahoton hutun ma'aikata da na ɗaukar sababbi. Ƙanwata ce ke zama da yarinyar duk ranar da nake da taro, don haka hankalina kwance na turo ƙofa, na ɗora hedifon, na fara bayani. Ina tsaka da magana a kan jadawali na uku sai na lura fuskoki sun sauya a allo. Wata ta kai hannu baki, wani yana ta waige kamar abin a ɗakinsa yake. Na zaci lissafina ne ya kwaɓe, har na koma na sake karanta layin. Sai shugaban sashenmu, dattijo ne da bai saba katse mutum ba, ya ce, "Malama, ɗan dakata."

Na ce, "Na'am, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Yarinya ce ke kuka a wajenki, kuma ta jima tana yi. Je ki duba ta, za mu jira ki."

Ina zare hedifon kukan ya doki kunnena. Ba kukan rigima ba ne, duk uwa ta san bambancin. Na fizgi ƙofa, ga ta tsaye, jini ya wanke mata haɓa ya sauko gaban riga. A jikin ƙofar, daidai tsayin gwiwata, ga shatin ɗan tafin hannunta har wuri uku inda ta riƙa bugawa. Ashe ƙanwata ta ɗan fita kwaso shanya, ita kuma ta jawo kujera ta hau, ta rikito, haƙori ya huda leɓen ƙasa. Maimakon ta nemi antinta, ni ta nufo, don ta san ina ɗakin. Alhamdu lillahi, da muka je asibiti aka ce ba sai an yi ɗinki ba. Amma a hanya, tana kwance a ƙirjina tana ajiyar zuciya, ta ce, "Mama, ina ta kiranki kin ƙi." Har yau maganar nan ba ta bar ni ba.

Da daddare, bayan ta yi barci, na buɗe faifan taron da aka naɗa. Na so in san tsawon lokacin da ta yi a bakin ƙofar. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Ana jin kukanta tar a bayan muryata, ana jin bugun ƙofar, ni kuwa ina ta zuba bayanin kwanakin hutu. Mutum goma suna ji. Kowa yana jin nauyin katse ni, kuma na tabbata wasunsu sun ɗauka ina ji ne na share. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Abin da na saya don ya kare ni daga hayaniya, ya toshe mini kunne daga 'yata, ya kuma kwashi kukanta ya kai wa mutanen da babu abin da za su iya yi mata.

Kwana biyu ban ko taɓa shi ba. Da na ɗan dawo hayyacina sai na zauna na bi diddigin yadda aka yi, don ban yarda in yi ta fushi da abin da ban fahimta ba. Dabarar kashe hayaniyar tsohuwa ce, tun 1936 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu rajistar ƙirƙirarta a Amurka. Akwai ƙananan makirfo a jikin hedifon da ke sauraron ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da wani sauti kishiyarta, su haɗu su kashe juna kafin su kai cikin kunne. Wannan yana cin ƙara mai kauri da ba ta sauyawa, irin ta fanka, injin jirgin sama ko na'urar sanyaya ɗaki. Siririyar ƙara mai zuwa ba zato, kamar kukan yaro, ba ta cika kamuwa da wannan dabara ba. Ke nan ba maɓallin kashe hayaniyar kaɗai ne ya hana ni ji ba. Soson da ya rufe kunne ya rage wani abu, ƙofa ta rage wani, sauran kuma ƙarar da ni kaina na ƙara ce.

A nan na so in sauke masa laifi in ɗauka, sai na tambayi kaina me ya sa na ƙara ƙarar tun farko. Amsar ita ce, da zarar an buɗe makirfo a hedifon mai Bluetooth, yana barin yanayin sauraron kiɗa ya koma yanayin kiran waya, sautin ya tsuke, muryoyi su koma kamar daga cikin gwangwani. Duk taro sai na kai ƙarar kusan ƙarshe kafin in rarrabe maganar masu raunin intanet. Babu wanda ya faɗa mini wannan a wajen saye, kuma ba a rubuta shi a kwali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma in ƙarar ta haura haka lokacin yana raguwa sosai. Mu masu kwana cikin taro ta intanet ya kamata a riƙa tuna mana.

Abin da aka rubuta a kwalin da manyan haruffa shi ne makirfonsa yana tace hayaniya don a ji murya fes. Ni na ɗauka shirun da nake ji, shi abokan aikina ke ji. Ashe hanya biyu ce daban. Shirun nawa ne ni kaɗai. Su kuwa, bayan abin ya faru ne wata ta gaya mini cewa tun tuni suna jin ƙarar kwanuka da muryar ƙanwata duk lokacin da nake magana, kunya ce ta hana su faɗa. Wata biyar gidana yana buɗe ga mutane ban sani ba.

Na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa, ban zagi kowa ba, na dai bayyana abin da ya faru na kuma roƙi abu ɗaya. Hedifon yana da yanayin da ke barin sautin waje ya shigo, wannan gaskiya ne, kuma da yana kunne ranar wataƙila da na ji ta. Amma maɓalli ɗaya ne ke juya yanayin duka, babu fitilar da ke nuna wanda kake ciki, kuma duk lokacin da aka kashe aka kunna, komawa yake kan toshewa gaba ɗaya. Na ce su bar shi ya riƙa tuna inda mutum ya tsaya. Bayan kwana tara aka amsa mini da layi huɗu: in sabunta manhaja, in mayar da na'urar yadda ta fito daga kamfani. Ko sannu ba su ce game da yarinyar ba. Na yi abin da suka ce, babu abin da ya sauya.

Na koma na sake karanta binciken Bloom ɗin da nake taƙama da shi, sai na ga abin da idona ya tsallake a da. Ba kowa aka bari ya shiga gwajin ba, ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne mutum yana da ɗaki nasa na daban da zai yi aiki a ciki. Kuma da aka gama aka ba su zaɓi, kusan rabin waɗanda suka zauna a gida ofis suka koma, da yawansu saboda kaɗaici. Har gobe ina goyon bayan aiki daga gida, ba zan mayar da awannin da nake samu tare da 'yata in ba wa cunkoson hanya ba. Amma na daina yaudarar kaina cewa abin da na ɗora a kunne zai mayar mini da ɗakin kwana ofis. A ofis, in ka toshe kunne, akwai wanda aka ɗora wa alhakin jin ƙararrawa. A gida ni ce wannan mutumin.

Sai na kai shi ofis, ina cewa can ne muhallinsa. Ofishinmu falo ɗaya ne babba, tebur na kallon tebur, kuma a can ya yi ƙoƙari: ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da na injin buga takardu duk ya share su. Sai dai hirar na kusa da kai tana ratsowa sarai, ta ma fi fitowa tunda an ɗauke ƙarar da ke lulluɓe ta. Dole sai ka kunna wani abu a ciki. Sannan ga wata matsalar da ba ta na'ura ba. Wata sabuwar ma'aikaciya da aka haɗa ni da ita ta yi mako uku tana cika fom ba daidai ba. Da na ce me ya hana ta tambaya, sai ta ce, "Anti, kullum in na waigo abin yana kanki, sai in ga kamar ba kya son a dame ki." Wani binciken Jami'ar Harvard na 2018, na Ethan Bernstein da Stephen Turban, ya gano cewa da wasu manyan kamfanoni biyu suka rushe bangayen ofis suka haɗa ma'aikata a fili ɗaya, magana ido da ido ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonni ta kwamfuta suka ƙaru. Ban yi mamaki ba, don na ga yadda ake yi, da kaina na gina nawa bangon.

Batirinsa yana da kyau, wannan kam ban da ta cewa, nakan yi kwana huɗu ban sa caji ba. Amma tunda na fara faɗa bari in ƙarasa. Fatar soson kunnen ta fara ɓarewa tun wata na biyar, in tashi daga aiki in tarar da baƙin ɓurɓushi a wuyana. In ya yi awa biyu a kai kunne sai ya yi gumi, ga mai tabarau kuma yana danne sandar a bayan kunne har wurin ya yi tsami. An ce yana haɗuwa da waya da kwamfuta lokaci guda, haka ne, amma ko saƙo ne ya shigo waya sai ya ɗauke sautin taro na ɗan lokaci, in dawo in tarar an wuce ni. Da na nemi soson canji aka ce garanti bai shafi abin da ke lalacewa da amfani ba.

Da farko taurari biyar na ba shi. Da na fara wannan rubutun niyyata uku ce, don adalci. Yanzu da na sake bin labarin daga farko, na tuna amsar layi huɗun nan, biyu zan ba shi. Matafiyi a jirgi ko mai zama shi kaɗai zai ji daɗinsa ƙwarai, ban hana shi saya ba. Wanda ke da ƙaramin yaro, ko tsoho, ko majinyaci a gida, ina roƙonsa kada ya sa shi a kunne biyu da ƙofa rufe.

Yanzu a gida ɗan ƙarami mai waya nake amfani da shi, kunne ɗaya, ƙofa a buɗe rabi. Fanka ta dawo, motoci sun dawo, rahoto ya koma cin kwana biyunsa. Babban yana cikin durowata ta ofis. Sau ɗaya na manta na dawo da shi gida a jaka, tana ganin na fito da shi ta zo ta riƙe mini hannu ta ce, "Mama, kar ki sa."