Hadiza ko A'ishatu, wanne za a raɗa wa ɗiya?

In haihuwa ta zo mace a nan Tawa to gardamar suna kusan kullum a kan biyun nan take tsayawa. A'ishatu asalinsa Larabci ne, ma'anarsa mai rai, ita ce ɗiyar Sayyidina Abubakar, matar Annabi (SAW) da ta ruwaito hadisi 2210, shi ya sa malamai ke ji da shi. Matsalar dai ya yi yawa wallahi, ka shiga aji guda a lakwal ka ce Aïchatou sai ka ga kawuna sun ɗago ta ko'ina, a gida kuma dole a koma Indo ko Shatu ko A'i don a rarrabe.

Hadiza kuwa daga Khadija ne, wadda aka haifa bakwaini ke nan a Larabce, abin da mutane da dama ba su ma sani ba. Amma wa ya damu da wannan? Uwargidan Annabi ce, attajira 'yar kasuwa, mahaifiyar Nana Faɗima, kuma bai yi mata kishiya ba har ta rasu. Ni kam nan na karkata, ko da kakanni za su mai da ita Dije tun kafin a watse daga walima.