Intakular gaba da na sa wa Hilux ɗina, bayan wata bakwai a kan hanya

Sana'ata haɗa famfon sola ne a gonaki da rijiyoyin burtsatse, don haka bayan motata ba ya rabuwa da lodi: farantan sola, batura, ƙarafan tsayarwa, wani lokaci har da buhunan siminti. Motar kuwa Hilux ce mai shan gas, ƙirar 2008, mai injin 1KD-FTV na lita uku, wadda ke da wannan ɗan hancin a saman bonet. A ƙarƙashin hancin nan intakular kamfani take, kwance a kan injin. Aikinta ɗaya ne, ta huce iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga cikin injin.

Abin da ya dame ni shekara biyu shi ne, motar asuba daban take da motar azahar. In na bar Kano bayan sallar asuba, ko da lodi ya kai wuya, taɓa totur kawai nake yi ta miƙe. Amma a bazara, rana ta take, na tsaya a cunkoson Kurna minti ashirin sannan na hau titin Katsina, sai in ji ta yi nauyi kamar an ɗaura mata wata motar a baya. Na canza filtar iska, na canza ta mai, an duba nozul, duk lafiya lau.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana gyaran manyan motoci ne ya gane matsalar. Na iso garejinsa da rana tsaka, ya buɗe bonet, ya ce, "Alhaji, ɗora hannunka a nan." Ban iya riƙe daƙiƙa biyu ba. Ya ce, "To abin da aka sa don ya sanyaya iska ke nan, ga shi shi ma yana neman mai sanyaya shi." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Duk iskar da aka matsa sai ta yi zafi, kamar yadda gindin famfon keke ke ɗumi in kana ba taya iska. In a waje zafi ya kai digiri 40, turbo kuma ya ninka matsin iskar, tana iya fitowa da zafin da ya haura 120. Iska mai zafi a buɗe take, ba ta da nauyi, iskar da man ke buƙata ya ƙone ba ta da yawa a cikinta. Intakular da ke saman inji tana aiki ne muddin mota na gudu iska na shiga ta hancin. Da ka tsaya, zafin injin ya taso ya dafa ta, kuma ko ka tashi sai ta ɗauki lokaci kafin ta huce.

Shi ya ba ni shawarar a mayar da ita gaba, bayan bamba, inda iska ke bugowa kai tsaye. Na sayi ta alminiyam, wadda ta fi ta asali faɗi da kauri, tare da bututunanta da tiyon roba masu jure zafi. Ba ta da wani suna na a zo a gani, daga Chaina aka kawo ta. Kuɗinta da na aiki sun kai na sababbin tayoyi biyu masu kyau. Kwana biyu motar ta yi a gareji, domin sai da aka yi walda aka ƙera mata mazauni, aka kuma mayar da na'urar auna zafin iska kan sabon bututu don biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya ci gaba da samun labari daidai.

Mai shagon da ya sayar mini ya yi ta rantsuwa cewa motar za ta koma jirgi. Ba ta koma ba, kuma ina so duk mai niyyar saye ya ji wannan da kyau. Da sanyin safiya, ba lodi, da ƙyar za ka ji bambanci. Abin da na samu shi ne ƙarfin da nake da shi da asuba ya daina guduwa da rana. A wurina wannan ya fi komai, don da rana nake aiki.

Inda na tabbatar shi ne Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos. Na san hawan nan da wannan motar da lodi iri ɗaya. Da can sai na sauko giya ta biyu a wasu kwanoni, salansa na fitar da baƙin hayaƙi har ina hango shi a madubi, ina jin kunyar na bayana. Wannan karon a giya ta uku na haye mafi yawansa, hayaƙin kuma sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin da na fara taka totur. Baƙin hayaƙi a motar gas man da bai samu isasshiyar iska ba ne, kuɗinka ne ke fita ta salansa.

Ina da ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga da nake duba batura da inbata da shi. Na manna baƙin tef a kan bututun shiga da na fita, don ƙarfe mai sheƙi yana ruɗa ma'aunin, sannan na riƙa tsayawa nan take bayan doguwar tafiya in auna. A watan Afrilu a hanyar Gusau, bututun da ke fitowa daga turbo ya nuna sama da 110, na fita kuwa bai kai 60 ba. Kafin a canza, a irin wannan rana, na fitar kan kai 80. Tazarar nan ba ƙarama ba ce. A matsi ɗaya, iskar da ta sauko daga 80 zuwa 55 ta ƙara nauyi da kusan kashi takwas cikin ɗari, kuma shi ne abin da ƙafata ke ji a totur.

Akwai abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Sati na biyu, tsakanin Wudil da Birnin Kudu, ina ƙoƙarin wuce tirela sai na ji "fush" da ƙarfi, motar ta mutu murus a hannuna, hayaƙi ya turnuƙe baya. Allah ya kiyaye babu mai tahowa. Tiyo ne ya kwaɓe daga bakin bututu. Kilif ɗin da suka zo cikin kwalin sirara ne, irin na tiyon ban ruwa, kuma bakin bututu biyu a sumul yake, babu ɗan tudun da ke riƙe roba. Na ɗaure da abin da ke hannuna na lallaɓa na dawo. Dattijon ya sa mai walda ya yi wa bakunan ɗan tudu, muka sayi kilif masu kauri na ƙusa da noti. Tun ranar ko motsi ba su yi ba. Wanda duk zai sayi irin wannan, ya zubar da kilif ɗin cikin kwali tun kafin a fara aiki. Rai ake magana.

Sai kuma lagireto. Yanzu intakular ce ke fara shan iska, sannan kwandensar esi, sannan shi. A hawa mai tsawo da esi a kunne allurar zafi ta ɗan ɗaga sau ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba. Da aka ciro lagireton sai ga shi rabinsa a toshe da ƙura da ƙaiƙayi. Aka wanke shi, aka sake man kulocin fanka, allurar ta koma mazauninta. Bututun ma sun yi tsawo yanzu, don haka in ka taka daga tsaye akwai ɗan jinkiri kamar ƙiftawar ido kafin turbo ya kama. Kwana uku na saba.

Mai kuwa, ba zan ce ta rage sha sosai ba. A doguwar hanya da lodi ina ganin ɗan sauƙi, a cikin gari babu.

Hanyoyin gonaki sun koya mini wani abu da ba wanda ya faɗa mini. Tsakuwa na lanƙwasa siraran haƙarƙarin intakular, ciyawa da fara da ƙurar hunturu suna cusa kansu a ciki. Na sa mata raga a gaba, kuma duk Juma'a in an wanke mota ina tsayawa a kan yaron don kada ya matso da bakin injin wanki kusa, ruwan mai ƙarfi yana kwantar da su. Wata uku da suka wuce muka kwance tiyon ƙasa muka ga ɗan mai kamar cokali ɗaya, dattijon ya ce wannan ba komai, in ya kai rabin kofi ne za mu fara zargin turbo. Jibi zan kai faranti ashirin da huɗu Illela, in na dawo za mu sake dubawa.