Zuwa ga Yaya, kan maganar mota mai caji

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kuna lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka na murya ya same ni a bakin makaranta ina jiran yaran maigida, na saurara har sau biyu. Ka ce kuɗin mai ya ishe ka, kana so ka sayar da Corolla ka yi ciko a kawo maka mota mai caji, kuma tunda irinta nake tuƙawa a nan Jidda, in faɗa maka tsakani da Allah. Maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wata goma sha huɗu ke nan tana hannuna. Gidan da nake wa tuƙi motoci uku ne: Land Cruiser ta doguwar tafiya, wata tsohuwar Camry, sai wannan ƙirar ƙasar Sin da maigida ya sayo don kai yara makaranta da cefane. Ranar farko na danna maɓalli na zauna ina jiran inji ya tashi, sai da ƙaramin yaron ya ce da ni ai ta daɗe da tashi. Na ji kunya, na wayance da gyara madubi. Wajen daɗin tuƙi kam ba ni da abin cewa. Kana taka totur take zabura, ba jiran canjin giya, ba girgiza, ba warin hayaƙi. Abin da ya fi saye ni shi ne zaman jira, don rabin aikin direban gida jira ne. A Camry in ka bar esi a kunne na awa guda, inji na ta ci, allurar zafi na ɗagawa, hankalinka ba kwance ba. A wannan kuwa sai in yi awa cikin sanyi ina sauraron karatu, batir bai sauka da ya wuce kashi biyu ko uku ba. Wanda ya san zafin Jidda a watan Agusta ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce.

To ga lissafi, tunda shi ne ya kawo maganar. Fetur a nan kala biyu aka fi sha, mai lamba 91 riyal 2.18 lita, mai lamba 95 riyal 2.33, kuma tun watan Yulin 2021 gwamnati ta ƙayyade farashin a haka. Wutar gida halala 18 ce kowane yunit (halala ɗari ke yin riyal ɗaya) har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura sai ya koma halala 30. Gida irin na maigida, da esi a kowane ɗaki, da bazara yakan tsallake dubu shidan, don haka bari mu yi lissafi da mai tsadar. Motar tana shan kamar yunit 18 a kilomita 100, wato riyal biyar da 'yan kai. Camry a cikin gari tana shan kamar lita 9, kusan riyal 20. Ina yin wajen kilomita 2,000 a wata, ka ga ana rage kusan riyal 300 ke nan. A wajena kuɗi ne, don ya isa cefanen Hajiya na wani lokaci. A wajen maigida kuwa bai kai kuɗin cin abincin dare ɗaya a waje da iyali ba. A ce ma tazarar farashin mai caji da takwararta mai fetur riyal 30,000 ce, sai an yi wata ɗari kafin a fanshe, shekara takwas da ɗoriya, daidai lokacin da garantin batir ke ƙarewa. Shi ya sa in ka tsaya a danja a titin Madina ka ƙirga, Toyota da Hyundai za ka yi ta gani, mai caji sai jefi-jefi.

Ba don gwamnati ba ta so ba ne. Asusun zuba jarin ƙasar, wanda ake kira PIF, shi ke da mafi yawan hannun jarin kamfanin Lucid na Amurka, kuma a watan Satumbar 2023 aka buɗe musu masana'anta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, can wajen Rabig, arewa da mu. Asusun ya kuma kafa nasa kamfanin motocin mai suna Ceer a 2022 tare da kamfanin Foxconn na Taiwan. Kamfanin BYD na ƙasar Sin na da shaguna, Tesla ma ta shigo Riyad a watan Afrilun 2025. Burin gwamnati kashi 30 cikin 100 na motocin Riyad su zama na lantarki nan da 2030. Amma mutumin da zai cika tanki da riyal 120 cikin minti uku, da wuya ka ja shi da wa'azi.

Abin da na fahimta cikin watannin nan, Yaya, shi ne ita wannan mota duk darajarta tana ga inda take kwana. Tamu tana kwana a gareji, akwai caja a jikin bango mai ba da kilowat 7. In na dawo bayan isha'i na jona, kafin asuba ta cika, kamar waya. Ban taɓa tunanin gidan mai ba a ranakun aiki, kuma tunda na zo gidan nan ban ga an ɗauke wuta ba sai sau ɗaya, shi ma sai da aka turo saƙo tukuna. Amma mu nawa ne cikin 'yan uwanmu na nan muke da gareji? Tun da aka rushe unguwannin su Sabil da Karantina da Gulel tsakanin ƙarshen 2021 da 2022, jama'armu suka watse cikin gidajen haya na bene, mota tana kwana a duk inda ka sami gurbi a titi. Ran nan muna wajen mai tsire, wanda Larabawan nan suke kira sire, har sun fi mu layi a kansa, na yi wa wani dattijo bakanike tayin ya leƙa motar. Haifaffen Makka ne, kakansa da ƙafa ya zo aikin hajji ta Sudan, amma Hausarsa tas. Ya buɗe gaba, ya duba, ya rufe.

Ya ce, "Ɗana, ina injin?"

Na ce, "Baba, ai babu. Batir ne shimfiɗe a ƙasa."

Ya ce, "To ni a hawa na uku nake. In zuro mata waya ta taga kamar guga? Kuma in ta tsaya, me zan kwance? Wannan ba mota ba ce, kwamfuta ce aka sa wa taya."

Aka yi dariya, amma na kasa ba shi amsa.

Sau ɗaya muka gwada doguwar tafiya da ita, zuwa Madina. Tsakanin Jidda da Madina kilomita 420 ne ko kusa da haka, ita kuma in ta cika takan nuna 480. Maigida ya ce ai da saura. Ba mu yi nisa ba na ga lissafin yana zubewa: gudun 120, esi a ƙure, mutum biyar da kaya, ga iska tana dukanmu ta gaba. Duk kilomita goma da muka ci sai ta cire goma sha huɗu. Muka ratse wata tasha da manhajar waya ta nuna akwai cajar gaggawa guda biyu. Ɗaya ba ta aiki, allonta baƙi ƙirin. Ɗayar kuma wani bawan Allah ya jona tasa ya shige cin abinci. Muka yi sallah, muka sha shayi, muka sake shan shayi. Da layi ya zo kanmu sai da muka yi minti arba'in kafin ta kai kashi 80, don daga nan cajin yakan koma tafiyar hawainiya saboda kare batir. Uwargida ba ta ce komai ba, amma shirunta ya fi faɗa. Tun daga ranar, Madina sai dai Land Cruiser ko jirgin ƙasan Haramain, wanda shi ma da lantarki yake gudu tun 2018, yana kaiwa kilomita 300 a awa. Ashe da ita ba a fafe gora ranar tafiya, tun daren jiya za ka zauna ka tsara inda za ka tsaya, da inda za ka nufa in can ɗin ya ƙi.

Kada in zalunce ta, akwai inda ta ba ni mamaki. Mun hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada, wannan mai lanƙwashe-lanƙwashe da birrai a bakin titi. A hawa ta sha caji kamar ba gobe. A gangarowa kuwa ban taka birki ba sai kaɗan, ita ke riƙe kanta, kuma maimakon batir ya ragu sai na ga yana ƙaruwa, domin jujjuyawar tayoyin ce ke mayar mata da wuta. Mai fetur a wannan gangara warin birki za ka yi ta ji.

Gyara kuma fuska biyu gare shi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, babu bel. A wata goma sha huɗu abin da aka canza matatar iskar esi ce da tayoyi, don tana da nauyi kuma tana cin taya fiye da Camry. Sai dai ranar da wani ya goge mu ta gefe a wajen ajiye motoci, fitila ɗaya da wata 'yar na'urar gane kusanci suka fashe, mota ta yi sati biyar a ajiye ana jiran kaya daga waje. Na zaga wajen masu sayar da kayan motocin da suka mutu, wanda a nan ake kira tashlih, ko ƙusarta babu. Da Camry ce kafin la'asar na gama. Yanzu ka ɗauko wannan hoton ka kai Ƙofar Ruwa. Wane rewaya ne zai sa hannu a batir mai ƙarfin wuta wajen bolt 400? Ba ƙaramin batir ba ne da ake gwadawa da tartsatsin waya, kuskure ɗaya sai dai a yi wa mutum salla. Maganar zafi ma ka sa a ranka. A hajjin 2024 an auna 51.8 a Makka, kuma zafi shi ne babban abokin gabar batir, yana tsofar da shi da wuri. Namu na Afrilu a Kano bai kai haka ba, amma ba sanyi ba ne.

Abin ban dariyar shi ne, a nan da wuta ba ta yankewa mai ya yi arahar da ba wanda ya damu. Ku kuma da tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi mai ya zama abin da ya zama, ku ne ba ku da wutar. A takarda lissafin ya fi yi muku kyau. Da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗin wuta a Afrilun 2024, naira 225 aka sa yunit, da alkawarin awa 20 a rana. A wancan farashin, yunit 18 ya kama naira dubu huɗu da kaɗan. Corollarka in ta sha lita 8, ka ninka da farashin da ka saya yau ka gani, na san ya kusa ninki biyu ko ya wuce. Amma layinku na rukunin A ne? Kuma ka tuna watan Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Mai Corolla ko gidan mai ya rufe zai sami 'yan bumburutu a bakin titi. Ba wanda zai miƙo maka galan ɗin lantarki.

Kar ka ce janareto. Ƙaramin inji irin namu lita ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce yunit biyu ko kusa da haka, ka ga yunit 18 zai ci maka kamar lita 9. An gudu ba a tsira ba, ga ƙara, ga faɗa da maƙwabta. Sola ce kaɗai hanyar da na ga tana da ma'ana, ita ma da sharaɗi. In kana yin kilomita 60 a rana kana buƙatar wajen yunit 11, wato ƙarin manyan faranti biyar ko shida ban da na gida, da inbata mai ƙarfi. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bugawa motar tana Kwari tare da kai, lokacin da ta dawo gida rana ta faɗi. Sai dai ka sayi wasu baturan da za su tara wutar su juye mata da dare, nan kuma kuɗin ya zama na wata motar. Ban ma taɓo ramukan hanya da ruwan da ke kwanciya a unguwarku da damina ba, alhali batirin nan a ƙarƙashin mota yake.

In kuma wani dillali ya zo maka da 'yar Kwatano mai caji da araha, tambaye shi abu biyu. Na farko lafiyar batir, kashi nawa ya rage cikin ɗari, a nuna maka a kwamfuta ba da baki ba. Na biyu bakin caja, domin ba iri ɗaya ba ne: na nan irin na Turai ne, motocin da aka yi don kasuwar cikin gida ta Sin nasu daban, na Amurka ma daban. Sai ka sayi mota ka rasa abin da zai shiga bakinta.

Shawarata, da sabon gini gara yaɓe. Ka riƙe Corollar nan, a duba mata fulogi da matatar iska, ka riƙa auna iskar taya. In lallai sai ka canza, nemi mai haɗin fetur da batir, wadda ake cewa haibirid. Ba a jona ta ko'ina, ita ke cajin kanta, kuma a cunkoso irin na Kano nan ta fi rage shan mai. Yawancin tasi masu launin kore da nake gani a nan sun fara komawa irinta, su kuwa direbobin tasi ba sa wasa da lissafi. Abin da zan iya sa hannu a kai yanzu shi ne mashin mai caji don aike-aiken su Abba da kai kaya shago. Batirinsa ƙarami ne, solar da ke kan rufinka za ta iya cika shi, in ya ƙi kuma ba dukiyar gida ce ta nutse ba.

Ka sa Abba ya sami littafi ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, har sati biyu, kuma ya lura ko tana zuwa da ƙarfi ko irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar ce. Ka haɗo da kilomitar da kake yi a mako da abin da kake kashewa a mai, ka turo mini mu sake zama. Ka gaida Hajiya, ka ce mata man zafin ƙafar da dabinon suna hannun maƙwabcinku da ya zo umara, jirginsu ranar Laraba zai tashi.