Green for Danger a faifan Criterion: kisa a ɗakin tiyata

Fim ne na Ingila na 1946, baƙi da fari, tsawonsa minti 91. Sidney Gilliat ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin Christianna Brand aka ɗauko shi. Kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da shi a DVD a 2007, kuma faifan ya ci kuɗinsa.

Labarin a wani asibitin ƙauye yake, a watan Agustan 1944, lokacin da Jamus ke harbo bama-baman V-1. Ana jin ƙugin bam ɗin a sama. Da ƙarar ta ɗauke, kowa sai ya nemi maɓoya, don faɗowa zai yi. An kawo mai raba wasiƙu, Higgins, da rauni, ya cika a kan gadon tiyata tun ana ba shi iskar sa barci. Wata babbar nas ta tashi a wurin rawa ta ce kisa ne kuma ta san wanda ya yi, daren nan aka soke ta. Mutum biyar suka rage cikin zargi.

Alastair Sim ne gishirin fim ɗin. Sufeto Cockrill da ya fito a matsayinsa yana jin daɗin tsokanar waɗanda ake tuhuma, ga jin kai. A kula da wurin da yake kwance yana karanta littafin binciken kisa, ya leƙa shafin ƙarshe da murmushin wanda ya riga ya gano, sai fuskar ta sauya. Aibin kawai, sai an yi nisa yake bayyana, kafin nan soyayyar likitoci da nas-nas tana ɗan jan ƙafa.

Dabarar kisan tana jikin tukwanen iska na likitan sa barci, wanda Trevor Howard ya fito a matsayinsa. A lokacin da launi ake bambance su: oksijin baƙa mai farin wuya, kabon dayoksaid koriya. Daga nan sunan fim ɗin ya fito, wato kore alamar haɗari. Sauran a gani da ido.

Faifan na shiyya ta 1 ne, wato Amurka da Kanada, tsarin hoton NTSC na can, don haka na'urar da aka kulle a kan shiyyar Turai ba za ta karɓe shi ba. A nemi mai cin kowace shiyya. Hoton 4:3 ne. Idan talabijin ta shimfiɗa shi ya cika allo, fuskoki za su yi faɗi, sai a mayar da saitin. Kada a ƙara haske, domin duhun daren da nas ɗin ke gudu cikin iska da gangan aka yi shi. Sautin mono ne, Turancin Sim kuma cike yake da gatse, a kunna rubutun ƙasa. Sharhin murya na masanin fim Bruce Eder da ke cikin faifan a bar shi sai kallo na biyu.