Manhajar asusun da ta ƙi karɓar Inna

Ni ce mai riƙe littafin asusun matan unguwarmu a nan Tawa, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a Maradi tun 1991. Da ƙanena ya sa mini manhajar lissafin zubi da rance a salula, na yi murna ƙwarai. Wajen lissafi kam ba ni da abin cewa, tana fidda riba da tara daidai, ko babu rezo tana aiki. Da a nan ta tsaya, da tauraro biyar zan ba ta.

Abin da ta yi wa Inna ne ya tsaya mini a rai.

Inna ita ce babbarmu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take saidawa, da su ta aurar da ɗiyanta bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta taɓa fashin zubi ba. Na zo yi mata rajista, sai ga gurbin sunan mai gida da lambar wayarsa, an sa masa jan tauraro, wato dole a cika. Na duba sama da ƙasa, babu wurin wadda mijinta ya rasu, babu na bazawara. A Adar fa! Inda maza da yawa ke bida a Abijan ko Libiya, mata ke riƙe da gidaje. Na karanta mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, wanda ke kabari za a kira ya yarje mini in ajiye dala ɗari tawa?" Wallahi kunya ta kama ni kamar ni na tsara abin.

Muka sa sunan ɗanta don mu wuce, sai wajen hoto. Manhaja ta ce ba ta ga fuska ba. Muka fito tsakar gida, muka koma gindin bedi, na goge idon kyamara da bakin zanena, duk ɗaya. Daga baya ta rubuto a cire abin da ke rufe kai. Tsohuwa mai jikoki ta tuɓe hijabi gaban jama'a saboda salula? Ƙanena ya gwada da tasa fuskar, nan take ta karɓa. Ba a kanmu aka fara ba. A 2018 wasu mata masu bincike, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun auna manhajojin gane fuska na manyan kamfanoni, kuskure kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35 cikin 100, kan maza farare bai cika kashi 1 ba. Wanda bai sa fuskokinmu cikin hotunan koya wa na'ura ba, yaya za ta gane mu?

Ina wannan rubutu ma wani abin ya dawo mini. Saƙon kuɗin da mace ta tara, lambar mai gidan nan yake tafiya. Wata 'yar ƙungiyarmu tana tarin jikka-jikka don kayan ɗakin ɗiyarta, sai ga saƙo a wayar mijinta, washegari ya ce ta ranta masa. Asirin asusu ai shi ne ƙarfinsa. To na janye yabon, tauraro biyu ma don lissafin ne. Ga shi komai da Faransanci, alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a nan Nijar, muryar Hausa ɗaya da suka sa kuwa "shigar da lambarka" take ce wa mata zalla.

Na kira lambar masu ita. Yaron yana da ladabi, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, haka aka gina ta." Na tambaye shi ko akwai mace cikin waɗanda suka gina ta, ko sun taɓa zama kan tabarmar asusu ranar zubi. Ya ce zai kai ƙorafina sama.

Har yau lissafin Inna a littafi nake rubuta shi, na sauran a salula, aiki ya zama biyu. Masu ƙungiya, kafin ku ɗora kuɗinku a kanta, ku fara gwada rajistar tsofaffinku, ku kuma tambayi wayar da saƙo zai shiga.