Kafin ka biya kuɗin kayan gano tangarɗar manhaja

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja ya san cewa rubutun ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana wajen neman dalilin da ya sa abin da aka rubuta ya ƙi aiki, ko ya yi aiki yau ya ƙi gobe. Shi ya sa kasuwar kayan gano tangarɗa ta cika maƙil, wasu kyauta, wasu sai an biya duk wata. Shawarata ita ce ka fara duba inda matsalolinka suka fi ɓuya kafin ka taɓa aljihu, domin kowane kayan aiki akwai iyakar abin da yake iya gani. Wanda ke ganin cikin kod ba ya ganin abin da ke wucewa tsakanin burauza da saba (kwamfutar da ke amsa buƙatun shafi), kuma dukansu biyu ba sa ganin abin da ya faru a kwamfutar wani mai amfani da manhajarka da ba ka taɓa haɗuwa da shi ba.

A fara da wurin da kake rubuta kod ɗin, wato edita, tunda a nan ne za ka fi zama. Abin da ya kamata ka auna a nan shi ne ƙarfin dibagarsa, wato sashen da ke ba ka damar kafa shinge a wani layi, manhajar ta tsaya cak a wurin, ka leƙa abin da kowace ma'ajiya (sunan da kod ke ajiye bayani a ƙarƙashinsa) ke riƙe da shi, sannan ka ci gaba layi bayan layi. Ka tabbata yana da shinge mai sharaɗi. Idan kana zagaya jerin bayanai dubu goma kuma ɗaya tak ne ke kawo matsala, ba za ka zauna kana danna "ci gaba" har sai ka iso kansa ba. Za ka ce wa shingen kada ya tsaya sai lokacin da ma'ajiyar ta zo babu komai a ciki. Mutane da yawa suna shekaru suna cika kod da umarnin buga saƙo a allo alhali wannan damar tana gabansu.

Visual Studio Code, wanda Microsoft ta fitar a 2015, kyauta ne kuma yana aiki a Windows da macOS da Linux. Dibagar JavaScript da TypeScript da Node.js a cikinsa take zuwa, sauran harsuna kamar Python da Go da C++ kuwa sai ka ɗora musu ƙarin manhajoji. Ga mai aikin shafukan intanet, ya wadatar. Rauninsa biyu ne. Na farko, sau da yawa sai ka rubuta fayil ɗin saiti mai suna launch.json da hannunka kafin dibagar ta san yadda za ta tayar da manhajarka, kuma sabon shiga yakan gaji a nan ya koma tsohuwar hanya. Na biyu, ƙarin manhajojin da ake ɗorawa mutane daban-daban ne suka rubuta su, wani lokaci sukan yi karo da juna har editan ya yi nauyi. Akwai umarnin Extension Bisect a cikinsa da ke kashe rabinsu, ya tambaye ka ko matsalar tana nan, ya sake raba ragowar biyu har a kama mai laifin.

Kayan JetBrains, irin su IntelliJ IDEA da PyCharm da WebStorm da Rider da CLion, wata hanyar suka bi. Da zarar ka buɗe aiki sai su karance shi kaf su tsara jadawalinsa, don haka sun san duk inda aka kira kowane sashe, kuma sukan nuna maka kuskure tun kafin ka gwada. Dibagar takan tashi ba tare da dogon saiti ba. Kuɗin wannan hidima RAM ne da kuma jiran da za ka yi a farkon buɗewa. A kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ka ji a jikinka. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya mayar da WebStorm da Rider kyauta ga wanda ba kasuwanci yake yi da su ba, amma ka karanta sharaɗin da kyau: in ana biyan ka kan aikin, lasisin biya ya hau kanka. Abu ɗaya da nake yaba musu shi ne wanda ya biya wata goma sha biyu a jere yana samun izinin riƙe wata tsohuwar siga har abada ko da ya daina biya. Ba kowane mai sayar da manhaja ke yin haka ba.

Shi kuwa Visual Studio, babban, kada a rikita shi da Code, shi ne na mai gina manhajar Windows da C# ko C++. A wannan fagen ban ga wanda ya kamo shi ba. Yana barin ka gyara kod manhajar tana tsaka da gudana, kuma yana buɗe fayil ɗin da Windows ke ajiyewa lokacin da manhaja ta faɗi, ya kai ka layin da abin ya faru. Sigar Community kyauta ce ga mutum ɗaya, da ƙaramin kamfani har mutum biyar, amma kamfanin da ke da kwamfuta fiye da 250 bai shiga wannan rangwamen ba. Mai Mac ya cire shi daga lissafi, domin Microsoft ta dakatar da sigar Mac a watan Agusta na 2024. Rider ko Code ne mafitarsa.

Idan aka zo burauza, kada ka biya ko sisi. Kayan da ke cikin Chrome da Firefox da Edge, waɗanda maɓallin F12 ke buɗewa, sun isa mafi yawan aikin yau da kullum. Ɗauki misalin da kowa ke gamuwa da shi: an cika fom, an danna "aika", shiru. Ka buɗe shafin Network, ka sake dannawa, ka ga layi ya yi ja. Lambar da ke gefensa ta riga ta ba ka rabin amsa. 404 na nufin adireshin da ka tura buƙatar babu shi, 401 na nufin saba ba ta san ko kai wane ne ba, 403 ta san ka amma ta hana, 500 kuwa sabar ce ta faɗi, don haka ka daina binciken burauza ka koma rajistar saba. Wani lokaci kuma babu lamba ko kaɗan, sai jan rubutu a Console yana ambaton Access-Control-Allow-Origin. Wannan ita ce matsalar CORS, kuma ta cinye wa mutane ranaku saboda suna neman gyaranta a kod ɗin burauza. Burauzar ce ke hana shafi karanta amsa daga wani adireshi daban sai in sabar can ta bayar da izini a kan amsarta. Gyaran yana wajen saba. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: ka danna dama a kan layin, ka zaɓi Copy as cURL, ka liƙa a tashar umarni. In ya yi aiki a can ya ƙi a burauza, ka kama bakin zaren.

Akwai akwatuna biyu a shafin Network da ya kamata su zame maka jiki. Disable cache yana hana burauza ba ka tsohon fayil bayan ka yi gyara, Preserve log kuma yana hana jerin gogewa idan shafi ya sake lodi. Ka kuma tabbata tsarin da kake haɗa kod da shi yana fitar da taswirar tushe, wato fayil ɗin da ke danganta kod ɗin da aka matse da ainihin wanda ka rubuta, in ba haka ba za a ce maka kuskure yana layi na ɗaya na fayil ɗin da aka matse ya koma layi ɗaya.

Inda kuɗi ke iya shigowa a ɓangaren burauza shi ne Safari. Ba ya gudana a Windows ko Linux, kuma yana da halayensa na daban. In masu amfani da shafinka suna da yawa a iPhone, ko dai ka nemi Mac, ko ka yi hayar na'urori ta intanet daga kamfani irin BrowserStack.

Don gwada buƙatun da ake tura wa saba, Postman ne ya fi suna, kuma yana da daɗin aiki ga tawaga, sai dai yana ajiye tarin gwaje-gwajenka a sabarsa ƙarƙashin asusunka. Bruno yana ajiye su a matsayin fayiloli cikin jakar aikinka, su tafi tare da kod a Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen kod. In gwaje-gwajen na ɗauke da makullan sirri na kamfani, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Manhajar tebur kuwa ba ta da shafin Network, don haka sai an sa mata ɗan tsakani da zai nuna abin da take aikawa: Charles na biya ne, mitmproxy kyauta ne amma yana buƙatar sabo. Wireshark yana ganin komai a matakin fakiti, amma abin da ke cikin HTTPS a rufe yake gare shi sai an ba shi makullai, don haka ba shi ne na farkon ɗauka ba.

Matsalar da ta fi ci wa mai manhajar tebur tuwo a ƙwarya ita ce "a wajena tana aiki". Ka kai ta wata kwamfutar, a danna, ta ɗan motsa ta rufe ba ko saƙo. A nan Process Monitor, ɗaya daga kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, ya fi duk wani abin biya. Ka tace jerin da sunan manhajarka, ka tayar da ita, ka gangara ƙarshen jerin kana duba rukunin Result. ACCESS DENIED a kan wata jaka yana nufin manhajar na son rubutu inda mai amfani ba shi da izini. NAME NOT FOUND a kan fayil ɗin DLL (fayil ɗin kod da manhaja ke dogaro da shi) yana nufin akwai abin da ke kwamfutarka wanda ba ka haɗa a kunshin girkawa ba. Kada yawan irin waɗannan layukan ya tsorata ka, domin Windows yakan leƙa jaka bayan jaka yana neman fayil, kuma kowace leƙa da ba ta yi nasara ba sai ta fito a jerin. Wanda aka nema ko'ina ba a samu ba daf da rufewar manhajar shi ne naka. A Linux, strace ke yin irin wannan aikin.

Masu C da C++ suna da zaɓi biyu na kyauta kan ɓarnar ma'adana, wato kurakuran da manhaja ke yi wajen amfani da RAM. Valgrind ba ya buƙatar a sake haɗa manhaja, amma yakan rage mata gudu ninki goma zuwa hamsin. AddressSanitizer sai an sake haɗawa da shi, amma kusan ninki biyu kawai yake ragewa, kuma yana cikin GCC da Clang da Visual Studio. Don gwajin kullum, na biyun zan ɗauka.

Inda nake ganin kuɗi ya fi halatta shi ne kayan da ke kawo maka rahoton kuskure daga wajen masu amfani. Yawancin mutanen da manhaja ta ba wa matsala ba sa kawo ƙara, tafiyarsu kawai suke yi, wanda ya kawo kuma abin da zai ce bai wuce "ba ta aiki" ba. Sentry da Bugsnag da Rollbar suna kama kuskuren a lokacin da ya faru, su turo maka layin, da sigar manhajar, da irin burauzar, da matakan da mutumin ya bi kafin nan, su kuma tara masu kama da juna wuri ɗaya don ka san wanne ya fi addabar jama'a. Kafin ka zaɓa, ka bincika yadda suke lissafin kuɗi. Galibi da yawan rahotanni ne, kuma kuskure ɗaya da ya maƙale cikin zagaye zai iya cinye kason wata guda cikin dare ɗaya, don haka ka tabbata akwai hanyar sa iyaka. Ka duba ko yana goge kalmomin sirri da lambobin kati da adireshin imel kafin rahoto ya bar na'urar mai amfani, domin amanar mutane ce kake aikawa sabar wani. Ka kuma duba ko yana karɓar taswirar tushe da fayilolin alamomin manhajar tebur, waɗanda ke mayar da lambobin rahoto zuwa sunaye da layukan kod. Ba tare da su ba, rahoton tarin lambobi ne kawai. Wanda doka ko yarjejeniya ta hana shi fitar da bayanai zai iya girka Sentry a sabarsa, sai dai tana son RAM aƙalla gigabait 16 da mai kula da ita. GlitchTip ya fi ta sauƙi nesa ba kusa ba, kuma yana karɓar rahoto daga kod ɗin da ake sakawa cikin manhaja don aika rahoto ga Sentry, don haka sauyawa tsakaninsu ba ta da wuya.

Mataimakan ƙirƙirarriyar basira irin su GitHub Copilot suna da amfani wajen fassara saƙon kuskure mai ɗaure kai da ba da shawarar inda za a fara dubawa. Abin da ka nuna musu kawai suke gani, kuma sukan kawo gyaran da zai ɓatar da saƙon ya bar cutar. Kafin ka biya, ka karanta abin da suke yi da kod ɗin da ka tura, kuma kada ka taɓa liƙa musu makullin sirri.

Kada a manta da git bisect, wanda tuni yana kwamfutarka. In abu yana aiki a da yanzu ya lalace, ka nuna masa sigar da ke da kyau da wadda ta lalace, ya riƙa raba tsakaninsu biyu kana gwadawa. Cikin sauye-sauye 1000, gwaji goma ya isa a gano wanda ya kawo ɓarnar.

Kusan duk kayan biyan nan suna ba da lokacin gwaji, na JetBrains kwana 30 ne. Kada ka ɓata shi a kan ɗan aikin misali da suka shirya, wanda komai nasa ke tafiya daidai. Ka koma tarihin aikinka na gaske, ka dawo da wata tangarɗa da ka riga ka san amsarta, ka bi ta da sabon kayan a kan kwamfutar da za ka ci gaba da aiki da ita, kana lura da lokacin da ya ɗauka da kuma RAM ɗin da ya ci. In kwamfutar ce ke nishi, ƙarin RAM ya riga lasisi a jerin sayayya.