Hattara da mai sayar da shokazobar "rage tsayin babur irin na kamfani"

Jama'a, mutumin nan da ke tallar shokazobar baya a intanet, yana cewa wai tana rage tsayin babur daidai da yadda kamfani ke yi, ɗan damfara ne. Kuɗina suna hannunsa har yanzu. Duka kuɗin, ba rabi ba, har da na aikowa.

Milimita 40 nake nema a rage wa tsayin babur ɗina. Milimita 40 kawai, don tafin ƙafata ya riƙa taɓa ƙasa idan na tsaya, in daina dogarawa da yatsu. Kuma kada wani ya zo yana ce mini ban yi bincike ba. Na san yadda ake abin nan. Kamfanoni irin su BMW da Triumph suna fitar da wasu baburansu a gajarce tun daga masana'anta, Tiger 900 GT Low na Triumph ma, lokacin da ake yin sa, kujerarsa ta fi ta ɗan uwansa da ba a rage ba ƙasa da milimita 50. Ba yanke wani abu suke yi su liƙa ba. Suna hana shokazobar miƙewa har ƙarshe ne, su rage mata tazarar da take tafiya, amma inda take tsayawa idan ta matse gaba ɗaya yana nan inda yake. Shi ya sa taya ba ta dukan ƙarƙashin kujera komai ramin da ka faɗa. Sai su sa sifirin da ya dace da wannan gajeriyar tafiyar, su rage na gaba shi ma, su gajarta ƙafar da ake kafe babur a kanta. Duk wannan na sani kafin in yi masa magana.

Shi ma ya sani, nan ne abin ke ci mini rai. Na tambaye shi tsawonta daga ramin ƙusar sama zuwa na ƙasa, ya faɗa. Sai ya ce, "Yallaɓai, nauyinka nawa, da hular kwano da komai? Kana yin goyo?" Wallahi nan ya gama da ni. Wane ɓarawo ne zai tambaye ka nauyinka? Tambayar da masu aikin gaskiya ke yi ke nan, don da ita ake zaɓen ƙarfin sifirin. Har yau idan na kwanta muryarsa nake ji, "nauyinka nawa, yallaɓai". Na faɗa masa, ya ce ya rubuta. Ya rubuta! Ni kuwa na tura kuɗi, duka.

Da bakanike ya buɗe ta, amma bari in koma baya, kafin nan, da shokazobar ta iso aka ɗaura ta, babur ya riga ya faɗi. Na kafe shi, na juya ke nan sai na ji ƙara, ya kife ta ɗaya gefen, madubi da hannun burki sun tafi. Dalili, baya ya sauka, ƙafar kafewa tana nan da tsawonta, babur ya tsaya cak babu jingina. Mai sayarwar ya ce gajeriyar ƙafar tana cikin kwalin. Babu ita. Da na kira ya ce za ta biyo baya. Kayan rage na gaba ma za su biyo baya. A lokacin yana ɗaukar waya.

Tafiyar kuma ba a magana. Baya a ƙasa, gaba a sama, kan babur ya yi nauyi, ka shiga kwana yana neman miƙewa. Ka hau ɗan tudu ya yi ta lilo ba ya tsayawa, kamar babu ɗigon mai a cikinta. Rami na farko mai ɗan zurfi na ji ƙwas a ƙarƙashina. Na sauka na leƙa, taya ta kankare robar da ke ƙarƙashin kujera, ga baƙin zane nan, har ta fara cin wayoyin fitilar baya. Da a guje nake, ko da goyo, taya ta cije, sai dai wani labarin.

To, bakanike. Ya auna ya ce wannan ba ta babur ɗinka ba ce, ta wani babur ce daban. Gajeriya ce, i, amma tafiyarta cikakkiya, babu abin da aka sa ya tsayar da ita. Kuma a babur mai haɗin ƙarafa a ƙasan shokazoba, abin da ka rage a jikinta yana ninkuwa sau biyu zuwa uku a wajen taya, don haka saukar ta wuce 40 ɗin da na nema nesa ba kusa ba. Sifirin yanke shi aka yi, ga shaidar injin yanka a bakinsa an shafe da fenti, idan ka ɗaga bayan babur yana karkarwa a wurinsa. Ɗan tulun da ke gefe, wanda ya kamata a ce iskar naitirojin ce a ciki, fanko ne, ado kawai. Abin murɗawa na saita dawowarta kuwa ka juya shi har gobe, bai haɗu da komai ba. Tambarin babban kamfanin da ke jiki farce na sa ya ɓare.

Nauyina nawa. Me ya yi da nauyina?

Na tura masa hotuna, ya ce bakanikena ne bai iya ɗaurawa ba. Daga baya, ko kafin nan ne ma, ya ce in mayar masa zai canza, in ƙara kuɗin aikowa. In ƙara! Da na ce a dawo mini da kuɗina duka sai ya toshe lambata. Shafinsa yana nan, ya canza suna, hotunan dai su ne.

Hirarmu duk tana wayata, da shaidar tura kuɗin, da muryarsa yana tambayar nauyina, da hoton sifirin. Zan ɗora su, ina rufe lambobin asusu ne. Allah ya isa tsakanina da shi.

Mai son saya ya nemi tsawo da tazarar tafiya a rubuce, ya tabbatar da lambar kayan wurin kamfanin da kansa, kuma kada ya biya duka kafin kaya su zo. In an ɗaura, a cire sifirin a matse ta har ƙarshe a ga ko taya na taɓa wani abu kafin a hau.